Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: tarihin hoto a ƙasar Maradi, daga zanen Bature zuwa na'ura



Kwanan nan duk mai waya ya ga irin hotunan nan masu ƙyalli da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Za ka ga wani ƙaton mutum bisa doki, rawani kamar tulu, an rubuta sunan wani sarkin da a ƙasa, jama'a na ta turawa suna cewa Allah Ya jiƙan maza. To bari mu fara da lissafi. Ɗan Kasawa, wanda ya kafa sarautar Katsina a Maradi wajajen 1819, ya rasu wajajen 1830. Ita kuwa sana'ar ɗaukar hoto, sai a 1839 anka bayyana ta ga duniya a birnin Paris. Ke nan ranar da anka rufe Ɗan Kasawa babu mai hoto ko ɗaya a doron ƙasa da zai iya ɗaukar fuskarsa. Haka Shehu Usmanu da ya rasu a 1817, haka Bawa Jan Gwarzo da ya riga su duka. Irin hotunan nan masu ƙyalli da kunka gani da sunansu, wani ne ya zauna ya siffanta wa na'ura, ita kuma ta zana.

Na'urar ita ce ƙirƙirarriyar basira, wadda ƴan lakwal ke ce wa IA. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, mutum biyu za su riƙe waya iri ɗaya, su buɗe manhaja ɗaya, su nemi hoton Sarkin Gobir, ɗaya ya samu abin da dattijon Tibiri zai gyaɗa kai, ɗaya ya samu wani basaraken fim ɗin Indiya. Mi ya kawo bambancin? Amsar ba sabuwa ba ce. Ƙasar nan ta taɓa ganin irin wannan tun shekara fiye da 170 da sunka wuce.

Bajamushen da ya zana abin da bai gani ba

A watan Janairu na 1851 wasu Turawa matafiya sunka iso ƙasar Tasawa daga Ayar. Ɗaya shi ne Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim. Shi ya bi ta Gazawa ya nufi Katsina da Kano. Abokin tafiyarsa, Adolf Overweg, shi ne ya karkato yamma ya shigo Maradi da Gobir, ya yi makonni a cikinsu. A lokacin Tibiri sabon gari ne. Shekara 15 kacal da yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maradi Rauda, bayan haka ne Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tibiri. Overweg ya ga garuruwan nan biyu da idonsa a zamanin da suke sansanin yaƙi. Sai dai ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852 bai rubuta littafi ba.

Barth ne ya koma gida da rai, kuma littafinsa ya fito kundi 5 tsakanin 1857 da 1858, cike da hotuna masu launi. Ga inda zancen yake: ba Barth ne ya yi hotunan da anka buga ba. Shi dai ya ɗan zazzana abin da ya gani a takarda, sai anka miƙa wa wani gwanin zane a birnin Munich mai suna Johann Martin Bernatz. Shi Bernatz ya je Falasɗinu, ya je Habasha, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Duk inda zanen Barth ya yi shiru, ko launin riga ne, ko tsayuwar mutum, ko ganyen itace, dole hannun Bernatz ya cike da abin da idonsa ya saba gani. Da waɗannan hotuna Turai ta san ƙasashenmu shekara da shekaru.

Ku riƙe wannan misali, don na'urar yau ƙanwar Bernatz ce. Gwana ce ta ƙarshe wajen zane, amma ba ta taɓa zuwa ba. Baƙo kuwa, ko da ido makaho ne.

Kyamara ta zo, hannu ya bambanta

Da Turawan mulki sunka zo, kyamara ta biyo su. Tsakanin 1906 da 1909 ayarin Kyaftin Tilho ya bi ta yankinmu yana shata iyaka tsakanin ƙasar Faransa da ta Ingila, kuma tafintansu Landeroin ya zauna da dattawa ya rubuta jerin sarakunan Katsina da na Gobir. A daidai wannan zamani wani Bafaranshe a Dakar mai suna Fortier yana buga dubban hotunan mutanen Afirka ta Yamma a katin wasiƙa ana sayarwa. Galibi ba a sa sunan wanda anka ɗauka. Sai dai a rubuta ƙabilarsa, kamar yadda ake rubuta irin dabba.

Da ƴan ƙasa sunka karɓi sana'ar sai hoto ya canza kama, alhali kyamarar dai ita ce. Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Yana ara wa mutane agogo da rediyo da alƙalami da babur, ya gyara wa mace zaman ɗankwali, ya jira har fuska ta saki kafin ya danna. A Yamai, Philippe Koudjina ya yi wa samari da ƴan matan shekarun 1960 da 1970 irin wannan hidima. Nan Maradi ma manyanmu sun san masu hoton da, da labulen bayansu mai zanen jirgi ko masallaci. Duk wanda ya buɗe akwatin tsohuwarsa zai ga shaida: mutanen cikin hotunan nan suna da kwarjini, don mai ɗaukar ya san su, ya san yadda suke so a gan su.

Akwai kuma wani sirri da masu hoton da sunka sha fama da shi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton baturiya, da shi ake daidaita launi. Ke nan an auna fim ɗin da farar fata. Sai a shekarun 1990 anka fito da kati mai ɗauke da mata masu launi daban-daban. Mai hoton da bai ƙware ba, in ya ɗauki baƙin mutum cikin farar riga, sai haƙori da ido ka gani. Gwani kuwa ya san inda zai tsayar da kai, ya san hasken hantsi da na la'asar, ya san yadda zai ƙara haske har fuska ta fito. Kayan aikin yana da son kai tun daga masana'anta, ƙwarewar mai riƙe da shi ce ta rufa asiri.

Sannan ga wani rashi da ya same mu mu kaɗai. Tsohon garin Maradi a cikin fadamar Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta ci shi, anka hau tudu anka shata sabon gari da tituna miƙaƙƙu. Unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci da Maradawa da Ɗan Gulbi sun hau da sunayensu, amma gidaje da lunguna sun tafi da ruwa. Kamannin wancan gari yanzu ya fi yawa a cikin kawunan tsofaffi, da abin da iyayensu sunka faɗa musu.

Yadda na'urar ke aiki

Yanzu mu zo ga ta zamani. Kamfanin OpenAI na Amurka ya nuna DALL-E a Janairun 2021. A 2022 Midjourney da Stable Diffusion sunka fito, kuma a Afrilun 2024 kamfanin Meta ya saka tasa cikin WhatsApp a ƙasashe da dama har da Najeriya. Daga nan abin ya sauko hannun kowa.

Ba sihiri ba ne. An kwaso hotuna daga intanet, kowanne da ɗan rubutun da ke maƙale da shi, anka yi ta nuna wa kwamfuta har ta gane wace kalma ke tafiya da wace siffa. In ka ba ta umarni, tana farawa ne daga wani yayyafi irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, ta yi ta share shi sannu a hankali har siffar da ta dace da kalmominka ta fito. Rumbun da anka koyar da Stable Diffusion daga cikinsa, mai suna LAION-5B, yana da hotuna biliyan 5.85, kuma biliyan 2.3 daga ciki da Ingilishi anka yi musu bayani. To ku tambayi kanku, hoton fadar Tibiri nawa ne a ciki? Wanda anka rubuta wa bayani da Hausa fa?

Abin da ba ta sani ba, ba za ta ce maka ban sani ba. Cikewa take yi da abin da ya fi yawa a rumbunta. A Oktoban 2023 jaridar Rest of World ta sa Midjourney ta yi hotuna 3,000 a kan ƙasashe 6, har da Najeriya. Da anka ce mutumin Indiya, kusan kullum tsoho mai gemu take bayarwa. Da anka ce mutumin Meziko, sai namiji da ƙatuwar malafa. A shekarar dai, wani mai bincike Arsenii Alenichev da abokan aikinsa sun nemi hoton baƙaƙen likitocin Afirka suna duba yaran Turawa marasa lafiya. Sun yi hotuna fiye da 300, na'urar na ta mayar da yaran baƙaƙe, wani lokaci ma ta ajiye raƙumin dawa ko giwa kusa da likita. Ta saba ganin Bature na bayarwa, baƙi na karɓa, don haka ta kasa juya abin.

Abu huɗu da ke raba mai tambaya da mai tambaya

Na farko shi ne sanin gida. Ku ɗauki misalin tela. Wani zai kai yadi ya ce a yi mini mai kyau, wani kuma ya ce aska takwas nake so, da zare kaza, wuya kaza. Dukansu za su karɓi riga, amma na biyu ne ya samu abin da ya nema. Yaron da ya rubuta "sarkin Afirka a kan doki" zai samu kambun zinariya da fatar damisa. Wanda ya tashi kusa da fada ya san rawanin sarauta yana da kunnuwa, ya san amawali, ya san alkyabba ana ɗora ta ne bisa babbar riga. Ya san dokin yaƙi lifidi ake sa masa, barde ya sa sulke da kwalkwali. Ya san kakaki dogo ne na ƙarfe, algaita gajera ce, tambari ba a buga shi don kowa. Ya san Bagobiri na da ana gane shi da tsagen fuska, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan. Ya san a Tibiri hoton fada bai cika ba in babu Inna, a Maradi kuma Iya, kuma Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi ba ƴan rakiya ba ne, su ne masu zaɓen sarki. Ko na'ura ta yi kuskure, shi zai gani nan take ya ce a sake. Wanda bai sani ba kuwa, da ya ga ƙyalli sai ya tura.

Haka abin yake ga ƙasa da dabbobi. In ka ce Nijar, rairayi da raƙumi za ta ba ka. Manomin Jiratawa ya san tun farkon shekarun 1980 anka yi musu filin noman rani na kimanin hekta 500, ya san layin zogale da magudanan ruwa da koren da ke wurin a tsakiyar bazara. Ya san gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, saboda haka hoton gawo mai duhun ganye bisa gero mai bunni ƙarya ce. Ya san gonakinmu cike suke da itatuwan da manoma sunka raina da kansu, aikin da ya ƙara ƙarfi a jihar Maradi daga 1983 tare da Tony Rinaudo. Makiyayi kuma ba zai karɓi wata farar akuya mai dogon gashi a ce masa jar akuyar Maradi ce ba. Ɗan kokowa in an nuna masa ƙato cikin zoben igiya da safar hannu zai yi dariya, don ya san filin rairayi da walki da layu, irin fagen da Kantu ya ɗauko takobin farko na ƙasa a Tawa a 1975.

Na biyu shi ne harshe. Na'urorin nan sun fi jin Ingilishi, sannan Faransanci da sauran manyan harsuna. Google Translate ta saka Hausa tun Disamban 2013, amma fassara ba ta ɗauke da siffa. Ka ce rawani, a fassara shi da kalmar da ke nufin naɗin Indiya da na Larabawa da na Buzaye duka a haɗe. Ka ce zaure, a ba ka falo da kujerun kushin. Ka ce lifidi, ta yi zuru. Dole mai tambaya ya iya warware kalma: bargo mai kauri da anka cusa wa auduga anka ɗinke, ya rufe ƙirjin doki da kwiɓinsa. Nan ɗan boko ya fi tsoho dama, ko da tsohon ya ninka shi sani.

Na uku shi ne idon sana'a. A Agustan 2022 wani Ba'amurke, Jason Allen, ya ci gasar zane a jihar Colorado da hoton da ya yi da Midjourney. Mutane sunka ce ai danna waya kawai ya yi. Shi kuma ya bayyana cewa ya sake umarni aƙalla sau 624, sannan ya gyara da Photoshop. A Afrilun 2023 Boris Eldagsen na Jamus, wanda ya daɗe yana sana'ar hoto, ya ci lambar gasar Sony da hoton na'ura, ya ƙi karɓa don ya nuna cewa alƙalai ma ana iya ruɗa su. A Legas, Malik Afegbua, mai shirya fim, ya girgiza duniya da hotunan tsofaffin Afirka suna taku cikin ado a dandalin nuna tufafi. Na'urar da ta saba nuna tsohon Afirka cikin tsumma, shi ya lanƙwasa ta, don ya san haske, ya san sutura, ya san mutanensa. Mai hoto da mai ɗinkin hula da magini da mai zanen ƙwarya duk suna da wannan ido. Sun san inda inuwa ke faɗuwa, sun san in zane ya karkace.

Na huɗu, kada mu ɓoye, aljihu ne. Mai sake umarni sau ɗaruruwa yana da wuta da intanet da kuɗin biyan manhaja. Yaron da ya sayi data ta dala ashirin, gwaji biyu zai yi ya haƙura da abin da ya samu.

Abin da ke cikin haɗari

Ga matsalar tamu a dunƙule. Masu sanin ba su ne masu wayar ba. Sani yana wurin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffin mata da dattawan unguwa, waya kuma tana hannun jikokinsu. Kowace shekara ana rage ɗaya daga cikin masu iya cewa a'a, ba haka rawanin yake ba. Su kuma hotunan bogi ba sa mutuwa. Yau suna Facebook, gobe a bangon shago, jibi mushe ya buga ya kai aji don bai samu wani ba. Daga baya na'urori masu zuwa su kwashe su daga intanet su koya a kansu, ƙarya ta haifi jika. Yaron da ya buɗe ido da wancan hoto, in ka gaya masa gaskiya kai zai ƙaryata, don gani ya kori ji.

Akwai kuma batun zumunci. Tarihin Maradi da Tibiri da Katsina da Sakkwato tarihi ne na yaƙi da sulhu tsakanin mutanen da yau sun zama surukan juna. Hoto ɗaya da anka zana wani ɓangare kamar mala'iku wani kamar dodanni ya isa ya tayar da zagi tsakanin ƴan uwa, alhali wanda ya yi shi wasa yake da waya.

Ba cewa muke a bar na'ura ba. Wanda ya ƙi kyamara a da, jikokinsa ne yau ba su san fuskarsa ba. Amma akwai ladubba. In ka yi hoto da ita, rubuta a jikinsa cewa zanen na'ura ne, kada ka bari a ɗauka na gaske ne. Kada ka laƙa wa fuskar da babu wanda ya taɓa gani sunan sarki ko malami. Kafin ka tura, kai wa wani babba ya duba, ka ji inda zai ce an yi kuskure, ka koma ka gyara. Ɗalibanmu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da matasa masu shagon kwamfuta, ga aikin lada: ku zauna da tsofaffi, su siffanta ku rubuta, da Hausa da Faransanci, kalma da ma'anarta.

Mafi sauƙi kuma, wanda kowa zai iya yau ɗin nan: hotunan gaske da ke cikin akwatuna da ƙarƙashin katifa, na hawan salla, na cin kasuwa, na dalar gyaɗa, na tafiya Makka, na aure da suna. Gara da zafi suna cin su. A ɗauke su da waya cikin haske mai kyau, a tambayi mai su waye a ciki, ina ne, wace shekara, a rubuta, kuma a nemi izinin iyali kafin a watsa. Barth ya bar wa Bernatz ɗan zane ne kawai ya cike sauran da ka. Mu muna da dama mu bar wa na baya abin da ya fi haka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. A gaida mutanen gida.